Hatimi da Makulli: Yadda Ɗan Kasuwar Yamai Ya Daɗe Yana Ba da Ajiyar Sirrinsa

A farkon watan Janairu na shekarar 2001, cikin hutun sabuwar shekara, ɓarayi suka fasa ofishin jakadancin Nijar da ke birnin Rum na ƙasar Italiya. Da ma'aikata suka komo bakin aiki suka duba, sai suka tarar abin da ya ɓata bai taka kara ya karya ba: agogon hannu, da ɗan turare, da waɗansu fararen takardu masu ɗauke da tambarin Jamhuriya a bisa kansu, sai kuma hatimi. Duk wanda ya ji labarin a wancan lokaci cewa zai yi ɓarayin sun sha wahalar banza, domin ba su sami kuɗi ba, ba su sami zinariya ba.

Ba a daɗe ba sai ga waɗansu wasiƙu suna yawo a hannun hukumomin leƙen asirin Turai da na Amurka, da tambarin Nijar a kansu, suna nuna wai gwamnatin Yamai ta amince ta sayar wa Iraƙi tan 500 na yuraniyom. A watan Fabrairu na 2002 Amurka ta aiko da tsohon jakada Joseph Wilson, wanda ya taɓa aiki a Yamai tun yana saurayi, ya zo ya bincika, ya koma ya ce da wuya a ce irin wannan ciniki ya auku. Duk da haka, ranar 28 ga Janairu 2003, shugaba George Bush ya tsaya gaban majalisar ƙasarsa ya ce Saddam Husaini ya nemi yuraniyom mai yawa daga Afirka. Sai ranar 7 ga Maris Muhammad Albaradai, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ya shaida wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa takardun jabu ne. Jabun ma ba na gwanaye ba ne: ɗaya daga cikin wasiƙun, mai kwanan watan Oktoba na 2000, tana ɗauke da sa hannun Allele Elhadji Habibou a matsayin ministan harkokin waje, alhali mutumin ya bar wannan kujera tun 1989. Dattijon da ya saba sauraron labarun gidan rediyon ƙasa da ya gane wannan cikin ƙiftawar ido. Kwana 13 bayan jawabin Albaradai aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza. Masu bincike da dama sun danganta waɗannan takardu da satar da aka yi a Rum.

Ba kwamfuta aka fasa a Rum ba, ƙofa ce. Amma wanda ya fahimci wannan sata ya fahimci rabin abin da ake kira tsaron intanet a yau, domin ɓarawon zamani ma abin da yake fara nema ke nan: sunan wani da hatiminsa, ya yi magana da su a gaskata shi. Sauran rabin kuwa tambaya ce wadda ta girmi kwamfuta da ƙarnuka, wato wane ne ke riƙe da makullin sirrin mai dukiya, kuma me ke hana shi cin amana. A kan waɗannan abubuwa biyu tarihin ɗan kasuwar ƙasar nan da na'urorin sadarwa ya ginu.

Wasiƙa da manzonta

Fataken da suka riƙa kai gishirin Kawar kudu, suna ɗauko goro daga Gwanja, suna tura fata da gashin jimina Tarabulus, sun san haɗarin saƙon ƙarya sarai. Wasiƙar sarki ko ta babban attajiri da Larabci ake rubuta ta, ko da ajami, malamin da aka amince da shi ne ke riƙe da alƙalami, kuma fadojin Sakkwato da Barno da Damagaram suna da hatiminsu da ake bugawa a kan takarda. Sai dai hatimi shi kaɗai bai isa ba. Wasiƙa tana tafe ne a hannun manzo wanda aka san fuskarsa, aka san ubangidansa, sau da yawa ma muhimmiyar maganar a bakinsa take, takardar shaida ce kawai ta cewa aiko shi aka yi. Wanda ya saci hatimi bai saci fuskar manzo ba. Abin dariya ne a ce wannan dabara ta shaida biyu, wadda bankuna ke tallata wa mutane yanzu kamar sabon abu, inda suke neman kalmar sirri sa'an nan su aiko da lamba a salula, tsofaffin fatake sun riga su gare ta.

A zango kuwa akwai fatoma, ko maigida, wanda baƙon ɗan kasuwa ke sauka wurinsa. Shi ke ajiye kaya, shi ke ajiye kuɗi, shi ke nemo dillali, shi ke tsaya wa baƙo idan an ɗauki kayansa bashi. Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo na Badun a farkon shekarun 1960, ya bayyana yadda ake sayar da garken shanu bashi ba tare da an rubuta ko harafi ɗaya a gaban alƙali ba, maganar maigida ce kawai jingina. Emmanuel Grégoire ma ya ga irin wannan zumunci na ubangida da bara a wurin alhazan Maraɗi, a littafinsa na 1986. Abin lura a nan shi ne fatoma ba waliyyi ba ne. Abin da ke tsare shi shi ne yana da gida, yana da iyali, yana da suna a unguwa, kuma ranar da ya ci amanar baƙo ɗaya labarin zai riga shi isa kowane zango, cinikinsa ya mutu. Wanda aka ba makulli yana da abin da zai yi hasara, kuma kowa ya san inda za a same shi.

Zuwan Nasara ya shigo da wani sabon mai riƙon makulli, wato tafinta. Kwamanda ba ya jin Hausa, talaka da attajiri ba su jin Faransanci, saboda haka duk abin da ya ratsa tsakaninsu ta bakin mutum ɗaya yake bi, in ya so ya daɗa, in ya so ya rage. Matsayi ne mai riba, mai haɗari kuma. A shekarar 1906, sa'ad da Faransawa suka zargi Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa da ƙulla makircin tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi Kwadibuwa, cikin waɗanda aka kama tare da shi har da babban attajirin garin Malam Yaro, da kuma tafintan bariki Ali Diallo. Sarki da ɗan kasuwa da mai fassara, igiya ɗaya ta ɗaure su, domin ta hannun su uku ne labari ke shiga gari yana fita.

Da aka maido da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, sai harkar takarda ta taru a bakin kogin Kwara. Gidan waya ya zama zuciyar sadarwa. A ƙofarsa marubucin wasiƙa ke zaune da teburinsa, yana rubuta wa wanda bai yi boko ba, yana karanta masa amsa. A ciki kuma ma'aikacin tangaraho yana ganin kowace kalma kafin ta bi waya. Ƴan ci-rani da ke Kumasi da Ankara suna aiko da kuɗi gida, ɗan kasuwa yana tambayar farashi a Kano ko a Kwatanu, duk sirrinsu a tafin hannun wani ɗan boko yake. Bambancinsa da fatoma shi ne wannan ma'aikaci hukuma yake tsoro, ba unguwa ba.

Daga banki zuwa sibar

Bayan samun mulkin kai ma'aikatar OPT ta gaji gidan waya da tarho, bankuna kuma suka fara neman kuɗin attajirai. Nan ma an sha darasi mai ɗaci. Bankin raya ƙasa BDRN, wanda shi ne mafi girma a lokacin, ya durƙushe a 1990 saboda basussukan da ba a biya ba, aka kafa SONIBANK a gurbinsa. A watan Janairu na 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Ɗan kasuwar da ya ga waɗannan abubuwa biyu da idonsa, ba jahilci ne ya sa ya ci gaba da ajiye kuɗinsa a akwatin ƙarfe yana aika su ta hannun direban mota ba. Ya gwada amanar ofis ne ya ga iyakarta. Ya kamata masu yi wa alhazai dariya kan gudun na'ura su riƙa tuna wannan.

Kwamfuta ta fara shiga Yamai ta ƙofar cibiyoyin bincike da manyan ma'aikatu. A farkon shekarun 1990 cibiyar binciken Faransa ORSTOM tana da hanyarta mai suna RIO, wadda masana ƙalilan ke aika wasiƙar lantarki da ita. A 1996 aka yi wa ƙasar rajistar alamarta ta intanet, wato .ne, a 1997 kuma aka haɗa sashen tarho na OPT da kamfanin STIN aka haifi SONITEL, wanda ya riƙe ƙofar intanet shekaru da dama kafin a narkar da shi cikin Niger Telecom a 2016. Layin yana da tsada, yana da nawa, mutum ya buɗe shafi ya tafi ya yi alwala ya komo bai gama fitowa ba. Don haka sai shagunan intanet, waɗanda kowa ke kira sibar, suka bazu a Plateau da kewayen Babbar Kasuwa da hanyar jami'a.

A sibar ne tafinta ya sake dawowa da sabuwar riga. Alhajin da ke son rubuta wa mai kaya a Dubai ko a Gwanzu ta ƙasar Sin sai ya zauna kusa da yaron shago, yaron ya buɗe masa akwatin wasiƙa a Yahoo, ya zaɓa masa kalmar sirri, ya riƙe masa ita a kai ko a bayan wani littafi, ya karanta masa abin da ya zo, ya rubuta amsa. Farashin kaya, da lambar asusu, da ranar da kwantena za ta sauka Kwatanu, duk yaron ya sani. Yawancin waɗannan samari sun riƙe amana, wannan gaskiya ce da ba a cika faɗa ba. Amma na'urar da suke aiki da ita mutum hamsin ke taɓa ta a yini, kuma a wannan zamani ne wasiƙun ƴan damfara na 419, waɗanda suka samo sunansu daga wata aya ta dokar laifukan Nijeriya, suka bar faks suka koma intanet, ƙwayoyin cutar kwamfuta kuma suka riƙa bin ƴar ma'ajiyar USB daga ofis zuwa ofis kamar yadda ƙyanda ke bin yaran unguwa.

Salula ce ta kai abin ga kowa. Celtel ya fara aiki a 2001, ya zama Zain, ya zama Airtel a 2010. Orange ya zo a 2008, ya sayar da harkarsa a 2019 ta zama Zamani. Amfanin bai ɓoyu ba. Wata masaniyar tattalin arziki ta Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na ƙasar tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa isowar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, domin mai gero ya daina hawa mota don jin farashi kawai. A yunwar 2010 ƙungiyar Concern ta raba tallafi a ƙauyukan jihar Tawa ta hanyar Zap, kuɗi suna shigowa cikin salula. Daga baya kamfanonin aika kuɗi na gida irin su BNIF Afuwa da Al Izza da Nita da Amana suka cika kowace unguwa da rassa, waɗansunsu suka fito da manhajojin waya. Dukiyar da a da sai an fasa ƙofa a kai gare ta, yanzu lambobi huɗu ko shida ne ke tsaron ta.

Ɓarayin da suka biyo wannan hanya ba su buƙatar ilmi mai zurfi. Wani zai kira ya ce shi ma'aikacin kamfanin waya ne, an ci kyauta, a karanto masa lambar da ta shigo yanzu. Wani zai turo saƙon ƙarya mai kama da na shigar kuɗi, sa'an nan ya kira yana kuka wai kuskure ya yi, a taimaka a maido masa. Wani kuma zai ƙwace WhatsApp na wani babban mutum ya bi abokansa ɗaya bayan ɗaya yana neman rance na gaggawa, da hotonsa da sunansa. Satar Rum ce aka maimaita a ƙaramin ma'auni, sau dubbai. Hukuma ta nemi maido da fuskar manzo ta hanyar tilasta rajistar layuka, har a watan Nuwamba na 2013 aka rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na layukan ƙasar saboda ba a san masu su ba. Matakin ya rage ɓarna, amma layin da aka yi wa rajista da katin wani bawan Allah na ƙauye bai fi hatimin sata ba.

Waɗanda suka shiga har ɗaka

Manyan kamfanoni kuwa wani irin ɓarawo ne ya neme su, mai haƙuri. A watan Nuwamba na 2022 kamfanin tsaro Group-IB tare da sashen tsaro na Orange suka fitar da rahoto a kan wani gungu da suka sa wa suna OPERA1ER, masu jin Faransanci, waɗanda tsakanin 2018 da 2022 suka kai hari fiye da 30 a kan bankuna da kamfanonin kuɗi da na sadarwa. Ƙasashen da abin ya shafa sun haɗa da Kwadibuwa da Mali da Burkina Faso da Benin da Sanagal da Nijar, har ma da Bangaladash da Ajantina. An tabbatar sun kwashe aƙalla miliyan 11 na dala, dalar Amurka fa, ba dalar kasuwar Katako mai tamma biyar ba. Wato wajen miliyar 7 na sefa, kuma ana jin ainihin abin ya kai miliyan 30.

Yadda suke aikin shi ne abin da ya fi cancantar a tsaya a kai. Ba su ƙera wani makami na musamman ba, kayan da ake samu a intanet kyauta ko da araha suka yi amfani da su. Wasiƙa suke aiko wa ma'aikaci, cikin Faransanci mai kyau, kamar daga ofishin haraji ta fito, ko kamar sanarwar ɗaukar aiki daga babban bankin BCEAO. Ma'aikacin ya buɗe takardar da ke liƙe, shi ke nan ƙadangare ya sami tsagar bango. Daga nan ba su taɓa ko tamma. Sai su zauna cikin na'urorin kamfanin wata 3, wani lokaci har shekara, suna karanta wasiƙu, suna koyon wane ne ke shigar da umarnin biya, wane ne ke amincewa da shi, suna tattara kalmomin sirrinsu. Ranar da suka shirya, galibi daren hutun mako ko na salla sa'ad da ofis ba kowa, sai su yi magana da sunan waɗannan ma'aikata, su zuba kuɗi cikin asusun mutanen da suka ɗauka haya, waɗannan kuma su bi injinan cirar kuɗi su kwashe kafin gari ya waye. A wani harin asusu fiye da 400 aka yi amfani da su. A watan Yuni na 2023 aka kama wani da ake zargin jigo ne a cikinsu a Kwadibuwa, da taimakon Interpol. Da ɗan gari akan ci gari, in ji masu magana. Waɗannan kuwa zama suka yi har suka zama ƴan gari.

Banki dai yana da ma'aikatan kwamfuta na kansa, yana da babban banki da ke sa masa ido. Wanda ba shi da kowa shi ne mai kantin magani, da mai fiton kaya a kwastan, da mai makaranta mai zaman kanta, da mai sayar da siminti da ƙarfe. Su ma zamani ya tura su cikin na'ura ko suna so ko ba su so, tun da kwastan da SYDONIA take aiki, ofishin haraji kuma daga farkon shekarun 2020 ya shiga neman rasit na lantarki mai shaidar hukuma. Kwamfutar da ke kan teburinsu sau da yawa ta hannu ce, ta gama aikinta a wani ofis na Turai kafin ta biyo jirgin ruwa, manhajar da ke cikinta kuma kwafi ce wadda ba ta karɓar gyaran da kamfanin Microsoft ke aikowa. Muhimmancin wannan gyara ya bayyana a watan Mayu na 2017, sa'ad da cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci fiye da 200.000 a ƙasashe wajen 150, har da asibitocin Ingila, tana neman kuɗin fansa, alhali maganin ɓarakar ya fito tun watan Maris, waɗanda ba su saka shi ba ne suka kamu. A Yamai kuma ga ƙarin abokan gaba da littattafan Turai ba su ambata ba: zafin watan Afrilu, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka, da wutar da ke ɗaukewa ta komo da ƙarfi ta ƙone abin da ta tarar.

Duk wannan nauyi a wuyan mutum ɗaya yake, wato saurayin nan mai gyaran kwamfuta da ke zuwa bisa babur in an kira shi. Wataƙila ya yi karatu a IAI ko a jami'ar Abdou Moumouni, wataƙila a wurin wani maigida ya koya kamar yadda ake koyon kanikanci. Shi ya saka manhajar lissafi, shi ya zaɓi kalmar sirri, shi ya san ta kyamarorin shago da ta akwatin wasiƙa, wani lokaci ma da lambar wayarsa aka buɗe su. Alhaji ya ce masa: «Ɗana, kai ka san abinka, ka dai gyara mini kafin la'asar», ya ba shi jika biyar, a rabu sai wata ɓarnar. Ba takardar yarjejeniya, ba albashi, ba wanda ya rubuta kalmomin sirrin ya ajiye a wani wuri. Ya riƙe abin da fatoma ya riƙe, har ya fi, amma ba a ba shi darajar fatoma ba, ba shi kuma da gidan da za a same shi. Ranar da wata ƙungiyar agaji ta ɗauke shi aiki a Difa, ko ya tafi Abijan neman na kansa, sai mai shago ya wayi gari baƙo a cikin lissafinsa. Ba lalle sai an yi sata ba kafin a yi hasara. Mutanen Yamai da suka ga gobarar Babbar Kasuwa ta 1982 da ta Ƙaramar Kasuwa ta 2012 sun san wuta ba ta bambanta atamfa da littafin bashi, amma har yanzu da wuya a sami ƙaramin kamfanin da ke kwafe lissafinsa ya ajiye shi a wani gini dabam.

Doka da abin da ta fi kula da shi

Hukuma ba ta yi barci ba. A watan Mayu na 2017 aka yi dokar kare bayanan mutane, wadda ta haifi hukumar HAPDP, aka sabunta ta a 2022. A 2017 ɗin aka kafa ANSI domin jagorantar harkar zamani ta gwamnati. Ranar 3 ga Yuli 2019 aka sa hannu kan doka mai lamba 2019-33 ta hukunta laifukan intanet, wadda ta tanadi horo ga mai kutsawa cikin na'urar wani, da mai ɓata bayanai, da mai damfara, ƴan sandan PJ kuma suna da sashe na musamman da ake kai irin wannan ƙara. Nijar tana cikin ƙasashen da suka tabbatar da yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka, wadda aka amince da ita a 2014 amma ba ta fara aiki ba sai a watan Yuni na 2023.

Sai dai wanda ya bi tarihin dokar 2019 zai ga ba a kan ɓarayin asusu ta yi suna ba. Ayoyinta na ɓata suna da na yaɗa abin da zai ta da hankalin jama'a su suka fi shiga bakin mutane. Da su aka tsare ƴar jarida Samira Sabou a watan Yuni na 2020 saboda wani rubutu a Facebook, ta yi kusan kwana 50 a kurkuku kafin kotu ta sallame ta. A 2022 aka cire hukuncin ɗauri daga laifin ɓata suna da zagi, a watan Yuni na 2024 aka maido da shi. Ko wane ra'ayi mutum ke da shi a kan wannan kai da komowa, abu ɗaya a fili yake: muhawarar ta cinye shekaru a kan abin da ake faɗa, ta bar mai kantin magani da tambayarsa ta wanda zai kira in na'urarsa ta kulle ranar Asabar da dare.

Shekarun nan kuma sun nuna cewa ba ɓarawo kaɗai ke rufe shago ba. Daga 24 ga Fabrairu 2021, bayan sanar da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, an yanke intanet na salula kwana 10. A watan Agusta na 2023, cikin takunkumin da ya biyo juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta katse wutar da ƙasar ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na bukatarta daga gare ta, takardun kuɗi suka yi wuya a bankuna, jama'a suka ƙara rungumar aika kuɗi ta waya. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Kwadibuwa, ƙasar da ba ta da teku ta ji a jikinta. A irin waɗannan ranaku wanda ya riƙe tsohon littafinsa na takarda kusa da kwamfuta shi ya ci gaba da ciniki.

Akwai wani gefe na wannan tarihi da ya shafi malaman makaranta da ƙungiyoyin raya harsuna kai tsaye. Tun daga tafintan bariki har zuwa yaron sibar da mai gyaran kwamfuta, abin da ya sa ɗan kasuwa ke miƙa makullinsa shi ne na'urar hukuma ba ta jin harshensa. Gargaɗin da ke fitowa a fuskar waya cewa kada a ba kowa wannan lamba, da Faransanci yake zuwa ko da Ingilishi, ga mutumin da ya iya lissafin miliyoyi a kai, ya iya karatun ajami, amma sai ya miƙa wa na kusa da shi ya karanta masa, wato ya ba da lambar tun kafin ya ji an ce kada ya bayar. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Saƙonnin banki da manhajojin lissafi suna cikin wuraren da za a gane ko wannan matsayi ya sauko daga takarda.

Kafin nan ƴan kasuwa sun nemo wa kansu mafita irin ta kakanninsu. Saƙon murya na WhatsApp ya karɓu a wurinsu fiye da rubutu, domin murya ita ce fuskar manzo: in an ce a tura kuɗi, sai Alhaji ya kira ya ji da kunnensa, a gaisa, a tambayi iyali, sa'an nan ya ba da umarni. Dabarar ta yi aiki shekaru. Amma a farkon 2024, a Hong Kong, wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi Arup ya shiga taron bidiyo da shugaban sashen kuɗi na kamfanin da waɗansu abokan aikinsa, ya ga fuskokinsu, ya ji muryoyinsu, ya tura dalar Amurka miliyan 25 kamar yadda suka umarce shi. Daga baya aka gano cewa a cikin taron nan shi kaɗai ne mutum, sauran duk na'ura ce ta ƙera su daga hotuna da muryoyin da aka tsinta a intanet.